Gwiwar Jibirin a Hannun Dillali

Jibirin ɗan Mainika ne ta ƙasar Gwarzo, daga gidan Fulanin da suka daɗe da jingine sanda suka kama fartanya. Yana shekara shida mahaifinsa ya rasu, ƙanen mahaifin, Malam Ya'u, ya ɗauke shi ya riƙe. Tun daga nan bai san wani uba ba sai Baffa Ya'u, bai kuma taɓa jin an ce ana musu da uba ba.

Tsawo ya zo masa kamar cuta. Yana shekara goma sha uku sai ya sunkuya yake shiga ɗakin Gwaggo Sabuwa, matar baffansa. Duk Sallah sai an yi rigima da tela a kan yadi. Gadon kara ya yi masa kaɗan, aka ƙara masa turmi a ƙarshe yana ɗora ƙafa. Mutanen gari suna yi masa dariya, amma ba ta mugunta ba, domin shi ne mai ciro musu kaza in ta hau rufin ɗaki.

Shi kuwa Baffa Ya'u dillalin shanu ne, kuma a duk kara, wato kasuwar shanu, da yake ci, daga Gwarzo har Kabo, an san shi da hali guda. Ba ya bari a taya dabba sai ya zagaya da mai saye ya nuna masa aibinta. Wannan tana harbi in ana tatsa. Wannan ta taɓa ɓari. Wannan san yana ɗingishi in ya kwana biyu a garma. Wasu dillalan sukan ɗura wa sa ruwan kanwa cikinsa ya cika, su tsayar da shi ta gefen da ba a ganin tabo. Ya'u yana kiran wannan algus, yana cewa la'adar da aka samu ta haka wuta ce mutum yake kai wa iyalinsa a kwano. Ya yi imani, kuma shekara talatin na kara sun gaskata masa, cewa mai sayen da aka faɗa wa gaskiya yakan rage kaɗan, ya yi kamar zai tafi, sannan ya dawo ya saya.

A makarantar sakandare ta kwana Jibirin ya fara ganin ƙwallon kwando. Wani ɗan bautar ƙasa daga Binuwai aka turo musu, ya hango shi a layin abinci ya fi kowa da kai da kafaɗa, ya tafi wurin mai walda a Gwarzo aka lanƙwasa masa ƙarfe, ya kafa a jikin allo a kan wani tsohon turken wuta. Shekara biyu Jibirin yana jefa ƙwallo a wannan zoben ba takalmi, domin babu mai sayar da irin ƙafarsa. A gasar makarantu a Kano wani koci ya gan shi. Ƙungiyar kocin ta wani kamfanin saƙa ce, kuma a lokacin haka ake yi: kamfani ya ɗauki ɗan wasa ya sa sunansa cikin ma'aikata. A takarda Jibirin akawun sito ne. Bai taɓa sanin inda ƙofar siton take ba. Aikinsa shi ne ya tsaya ƙarƙashin kwando, ya tare duk wanda ya taho, ya ƙwace duk ƙwallon da ta dawo daga allo. Ƙafa shida da inci takwas ne shi, 'yan kallo suka sa masa Dogo, sunan ya bi shi.

Baffa bai taɓa zuwa kallo ba. Da aka yi masa bayanin sana'ar, tambaya ɗaya ya yi, ko ana caca a ciki. Aka ce babu. Ya ce to, in gumi ne ake biya, halal ne, sai dai a ƙara wa wandon tsawo.

Shekara tara Jibirin ya yi a ƙungiyar, kuma shekarun tsuke bakin aljihu ne. Yana gani masaƙar tana ramewa. Aka rage masu aikin dare, aka rufe wani sashe, aka daina ba 'yan wasa madara, daga baya aka rufe ƙaramin asibitin ma'aikata. Duk da haka albashi yana zuwa, ko da ya makara. Da shi ya yi aure, ya auro Kamila 'yar Garo ta ƙasar Kabo, da shi ya yi wa ɗakin Gwaggo rufin kwano.

A shekararsa ta bakwai ya yi tsalle a wani filin siminti, ya sauko a kan ƙafar wani, ya ji gwiwarsa ta hagu ta yi ƙara kamar an karya kara. Likitan da ya duba shi a Kano ya ce jijiyar da ke riƙe da gwiwar ce ta tsinke, ba ta haɗewa da kanta, sai an yi aiki, kuma kuɗin aikin ya fi albashinsa na shekara biyu. Kamfani ya ce a yi haƙuri har abubuwa su daidaita. Kafin su daidaita, aka samo wani mai allura. Duk ranar wasa sai a tsira masa ta kashe zafi, a naɗe gwiwar da bandeji, a rufe da doguwar safa. Ya yi wasa haka kaka biyu. A fili ba mai ganewa. Washegari ne Kamila take kama shi ya miƙe.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, da damina ta yi tsakiya, koci ya kira shi ofis ya ce an yi musayarsa. Ƙungiyar wani kamfanin safarar kaya ta ruwa a Legas tana son dogo a tsakiya. Sun ba da matasan 'yan wasa biyu, sun ƙara da tayoyi shida na motar ƙungiya, su kuma an ba su Jibirin. Ba wanda ya tambaye shi. Ya ji ciwon abin, amma da koci ya karanta masa abin da mutanen Legas suka yi alkawari, ciwon ya lafa. Kwantiragin shekara uku. Sunansa cikin ma'aikatan dindindin. Albashi ninki biyu. Ɗaki biyu. Da katin asibitin kamfani, wanda yake ɗaukar kowane irin aiki.

Katin nan kaɗai Jibirin ya ji. In ya samu katin, za a gyara gwiwar, ya yi wasa shekara huɗu ko biyar nan gaba, ya kuma tsufa yana tafiya da ƙafarsa. In bai samu ba, ya san yadda tsofaffin 'yan wasa suke ƙarewa, ya gan su a bakin fili suna jan ƙafa suna roƙon a bar su su shiga kyauta.

Koci ya tashi ya tura ƙofa, ya rage murya. Ya ce mutanen Legas ba su san da gwiwar ba, kuma ranar Litinin za a rufe rajistar 'yan wasa, ba su da lokacin kai shi wurin likita. Ya ce Jibirin ya sa hannu tukuna. In ya buga wasa uku ko huɗu, sai ya faɗi a fili ya riƙe gwiwa, su da kansu za su ɗauke shi.

Jibirin ya san wannan ba gaskiya ba ce, a gidan da ya tashi ba a buƙatar malami ya faɗa masa. Amma ya auna ta wani gefen. Shekara biyu ana tsira masa allura don kamfani ya ɗauki kofi, ba wanda ya ce haram ne. An sayar da shi da tayoyi, ba wanda ya ce haram ne. Ya ce a ransa in ya warke zai biya mutanen Legas da wasa har su manta.

A makon aka karɓe ɗakin da kamfani ya ba shi, tunda ya daina zama nasu. Ya kwashe Kamila da kayansu ya kai Mainika, ya bar saƙo cewa in mai takardu ya zo a kwatanta masa gida.

Ya tarar da gari ba maganar da ake yi sai ta Shari'a. Waɗanda suka je Kano ranar ƙaddamarwa suna ta ba da labarin yawan jama'a. A kasuwa masu wa'azi sun sa masu tauye mudu a gaba, wasu 'yan hatsi har sun canza kwanon awo da rana tsaka. Baffa Ya'u yana tafiya a cikin wannan kamar mutumin da gari ya zo ya same shi a inda ya daɗe yana tsaye.

Kwana uku Jibirin da Baffa suna sallah sahu ɗaya. Jibirin ya iya ɓoye ɗingishi a tafiya, ya koyi jefa ƙafar yadda ba za a lura ba. Abin da bai iya ɓoyewa ba shi ne sujada. Sai ya dafa ƙasa da hannu biyu kafin ya sauka, a zaman tahiya kuma ƙafar hagu ba ta naɗuwa, sai ya ɗan zame ta gefe. Ya manta wanda ke kusa da shi mutum ne da yake gane san da zai yi ɗingishi gobe tun yau. Rana ta uku, suna fitowa daga masallaci bayan La'asar, Baffa ya tambaye shi ko ƙafar lafiya. Ya ce gajiya ce. Baffa ya dubi ƙafar, ya dube shi, bai ƙara ba. Jibirin ya ɗauka magana ta wuce.

Ranar Asabar da hantsi wata farar mota ta shigo gari, tayoyinta duk laka. Mai takardun sunansa Lukuman, manajan ƙungiyar Legas. Bayarabe ne haihuwar Kano, Hausa a bakinsa kamar ta ɗan Fagge. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka gaisa, aka tambayi hanya da ruwa da mutanen Legas, Gwaggo ta aiko da fura a sabuwar ƙwarya. Ya sha, ya yaba, ya yi wa Jibirin tsiya cewa zauren nan da ganinsa ba don shi aka gina ba.

Sannan ya buɗe jaka. Ya ce yana son Baba ya san ba da ka suka zaɓi ɗansa ba. Ya ciro ƙaramin littafi yana karantawa: maki goma sha takwas a kowane wasa, ƙwallo goma sha ɗaya da yake ƙwacewa a ƙarƙashin kwando, shekara ashirin da takwas, bai taɓa faɗa da alƙalin wasa ba. Ya ce shi da kansa ya zauna ya kalle shi wata uku da suka wuce, ya jefa maki ashirin da shida. Jibirin ya tuna ranar. Allura biyu aka yi masa.

Baffa ya saurara yana gyaɗa kai, wannan yaren ya san shi. Ya tambayi abin da aka bayar. Da ya ji, ya ce musaya da ciko ke nan, bijimi ɗaya a kan maruƙa biyu da ɗan abin da aka ɗora. Lukuman ya yi dariya har yana buga cinya. Baffa bai yi ba. Ya ce a kara, in ka ga mai bijimi ya yi saurin karɓar maruƙa, akwai abin da ya sani.

Lukuman ya shimfiɗa takardun. Ya nuna wa Jibirin inda zai sa hannu, ya nuna wani layi a ƙasa, ya ce nan na shaida ne, kuma ba wanda ya fi dacewa da shi kamar Baba. Ya buɗe ɗan akwatin tawada ya tura gaban tsohon.

Jibirin ya riga ya riƙe biro. Baffa ya dubi tawadar, ya naɗe hannunsa cikin riga.

"Malam Lukuman, kafin in dangwala. An faɗa maka aibin?"

Lukuman ya ce wane aibi, yana murmushi, yana jiran ƙarshen wasan.

"Jibo, miƙe. Tattare wandon."

Jibirin ya ce, "Baffa."

"Tattare."

Daga baya ya sha tambayar kansa me ya hana shi ya ƙi. Takarda tana kan cinyarsa, biro yana hannunsa, sunansa haruffa bakwai ne. Amma shekara ashirin da biyu muryar nan tana cewa tashi yana tashi, jikinsa ya miƙe kafin zuciyarsa ta gama shawara. Ya tsaya a sunkuye saboda rufin zaure, ya ja wandon sama.

Baffa ya durƙusa, ya sa shi ya ɗora ƙafar a kan kujerar tsuguno. Ya dafa cinyar da hannu ɗaya, ya kama ƙwaurin da ɗayan, ya ja a hankali, yadda yake yi wa sa. Ƙwaurin ya zamo gaba, ya fita daga mazauninsa kamar aljihun tebur. Jibirin ya cije leɓe.

"Ka gani? Wannan ba targaɗe ba ne. Jijiya ce ta saki, kuma ta daɗe. Dubi yadda cinyar nan ta fi waccan sirancewa. Ba zan yi shaida a kan abin da na gani na rufe ba."

Ya koma ya zauna, ya ci gaba da abin da yake yi a kara bayan ya faɗi aibi, wato yabo. Ya ce ban da wannan ba inda yaron yake da illa. Ba ya shan komai, ba ya yawon banza, yana da ƙarfin mutum biyu, in an sa shi aiki ba ya ɗaga kai sai ya gama. Yana faɗa fuskarsa a sake, fuskar mutumin da ya sauke kaya.

Lukuman ya daina murmushi. Ya ce wa Jibirin ya tsaya a ƙafar hagu kaɗai ya durƙusa. Jibirin ya gwada. Bai kai rabi ba gwiwar ta karkace, ya dafa bango. Lukuman ya tambaye shi tun yaushe, ya faɗa. Ya tambaye shi ko kocinsa ya sani, Jibirin ya gyaɗa kai.

Sai mutumin ya sake buɗe ƙaramin littafin, ya fara auna Jibirin sabo a gabansa. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya ce maki goma sha takwas na mai ƙafa biyu ne. In an yi aikin, shekara guda ba wasa, ya dawo yana dab da talatin, ba kuma tabbas tsallen zai dawo. In ba a yi ba, kowace rana tana iya zama ta ƙarshe. Kwantiragin shekara uku ke nan za a biya don wasan shekara ɗaya da rabi, ga kuɗin likita a kai. Ya ja layi a kan shekara uku. Ya ja a kan aikin dindindin. Jibirin yana kallon bakin biron har ya isa kan katin asibiti.

"Dogo, ba ni na saye ka ba, aiko ni aka yi. In na kai ka haka na ɓoye, aikina ne zai tafi, ni ma ina da yara."

Ya yi ɗan tunani, ya ce abin da zai iya yi da ikon kansa shi ne gwajin wata uku. Ba albashi, sai abin da ake ba ɗan wasa a kowane wasa, da wurin kwana. In ya taka rawar gani, wataƙila a roƙi manya su duba maganar gwiwar. Bai yi alkawari ba.

Jibirin ya ga ƙofa ce, ko da ƙarama. Wata uku a Legas, in ya daure ya yi musu wasan da ba su taɓa gani ba, wa ya sani. Ya buɗe baki.

"Albarka," in ji Baffa.

Ya ɗaga wa Jibirin hannu ba tare da ya dube shi ba. A kara, in dillali yana ciniki mai kaya ba ya sa baki, kuma ba a sallamawa a tayin farko. Ya ce wa baƙon ya ƙara, yaron ya fi haka, shi da ya faɗi aibi da bakinsa ya san abin da ya rage a jikin. Lukuman ya ce Baba, wannan ba tayi ba ne, iyakar abin da ke hannunsa ke nan. Baffa ya yi murmushin wanda ya ji wannan magana sau dubu, ya sake cewa albarka.

Lukuman ya juya ya dubi Jibirin, ya jira. Jibirin yana kallon saƙar tabarma. Da jiran ya isa, mutumin ya rufe akwatin tawada, ya tattara takardunsa, ya gode da fura, ya ce a gaida mutanen gida.

Motar tana fita daga gari Baffa ya ce wa Jibirin kada ya damu. Mutumin da ya taso daga Legas ya shigo lakar Mainika ba zai koma hannu sake ba. Kafin ya kai Gwarzo zai juyo, in ya yi taurin kai ya kwana a Kano ya dawo gobe, kuma da ƙari. Ya ce yau ya raba shi da cin haram na shekara uku, wata rana zai gode masa.

Jibirin ya wuni a zaure ranar Lahadi. Duk ƙarar da ya ji sai ya leƙa, babur ne, ko injin niƙa. Kamila ta aiko da abinci sau biyu, aka mayar. Litinin da sassafe ya shiga motar Kano ba tare da ya nemi izini ba, karo na farko a rayuwarsa. A masaukin baƙin da Lukuman ya sauka aka ce masa ya tafi tun jiya da safe.

Ya wuce masaƙa. Koci ya tare shi a bakin ƙofa, bai ce ya shigo ba. Ya ce ya ba shi shawara ɗaya tak, ya kai ta ƙauye ya zubar. Yanzu shi ba nasu ba ne, an cire sunansa, yaran biyu sun fara atisaye, tayoyin suna jikin mota. Mutanen Legas kuwa sun ce an cuce su, sun riƙe katin rajistarsa, ba za su sake shi ba sai an mayar musu da abin da suka bayar. Ba tare da katin ba, ba ƙungiyar da za ta iya sa shi a fili. Jibirin ya yi wata huɗu yana zirga-zirga tsakanin ofisoshi, kowa yana cewa a dawo mako mai zuwa. Kafin a warware, masaƙar ta rushe ƙungiyar gaba ɗaya. Ba wanda ya rage da za a yi rigimar da shi, ba kuma wanda ya tuna da katin.

Ba za a ce Baffa bai yi komai ba. Ya kai shi wurin wani mai ɗori a Lakwaya, aka tsaga, aka shafa, aka ɗaure da kara mako shida. Da aka kwance, gwiwar ta ƙara sandarewa. Ya ce zai sayar da ɗaya daga cikin shanun nomansa, Jibirin ya faɗa masa abin da likita ya nema, tsohon ya fasa, domin ko ya haɗa da ɗayan da garmar ba su kai ba. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya ce ya yi kuskure. In maganar ta taso yakan ce mutumin Legas ne bai san ciniki ba.

Labari kuwa ya fita. Wani mai wa'azi ya ji shi, ya kai shi kasuwa: ga mutumin da ya faɗi aibin ɗansa na cikinsa don tsoron Allah, ku kuma kuna tauye mudu. Daga nan ya zaga ƙauyuka, yana ƙara ƙiba a hanya. Aka ce miliyoyi ya ƙi. Aka ce Turawa ne suka zo. Fatake daga nesa suka riƙa tambayar ina dillalin nan, rumfar Ya'u ta cika yadda ba ta taɓa cika ba. A duk inda aka ba da labarin, ba mai tambayar ina yaron yake.

Yaron yana nan a karar. Ba abin da ya iya sai tsayuwa ƙarƙashin kwando, noma kuma gwiwar ta ƙi, sai Baffa ya sa shi riƙe igiya a rumfarsa. Dogon mutum da sanda, yana jan ƙafa a cikin kashin shanu, masu saye suna nuna shi da baki.

Wata ranar kasuwa, shekara biyu bayan zuwan Lukuman, wani Alhaji mai sayen shanu ya zauna a rumfar, ya ce ya ji labarin amma bai yarda ba, a zamanin nan wa zai yi haka. Mutanen rumfa suka ce ai ga yaron can. Baffa ya yi 'yar dariyar kunya, ya ce abin bai kai yadda ake faɗa ba, sannan ya ɗaga murya.

"Jibo, zo ka nuna wa Alhaji ƙafar."

Jibirin ya taho har bakin rumfa. Ya sunkuya ya gaida Alhajin yadda ya kamata. Hannunsa ya kai ga wandon, ya tsaya.

"Baffa, shi wannan ɗin saye zai yi?"

Wani ya fara dariya ya haɗiye. Jibirin ya ɗaura igiyar san da ke hannunsa a jikin turke, ya duba ƙullin ya ga ya kamu, ya ɗauki sandarsa ya ratsa kasuwa.

A makon ya kwashe iyalinsa ya koma Garo, wurin dangin Kamila, inda surukinsa ya ba shi kula da injin niƙa, aikin da ake yi a zaune. Yana zuwa Mainika gaisuwa duk Sallah, ya durƙusa iyakar yadda ƙafar ta bari, su gaisa da Baffa a kan ruwa da amfanin gona. Ba a yi aikin gwiwar ba. Yanzu a kan kujera yake sallah, a ƙarshen sahu.